Sharhi kan sashen kemoterafi da na yi jinya a cikinsa

Na shafe kimanin wata 6 ina zuwa wannan sashe na kemoterafi, wato jinyar sankara da magunguna masu kashe ƙwayoyinta, saboda sankarar mama. An fara yi mini ƙarin ruwan magungunan doksorubisin da siklofosfamid sau 4, mako 3 tsakanin kowane zuwa, daga nan aka koma faklitaksel mako-mako har sau 12. Abin da ya sa nake yaba wa sashen shi ne yadda suka ɗauki ƙanwata, wadda take raka ni, a matsayin abokiyar aikinsu.

Tun ranar farko ma'aikaciyar jinya ta zaunar da mu tare, ta yi mana bayanin cewa fitsarina zai yi ja na kwana ɗaya ko biyu saboda launin maganin, cewa gashina zai fara zubewa bayan mako 2 zuwa 3, kuma fararen ƙwayoyin jinina, waɗanda suke kare jiki daga cututtuka, za su fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ƙarin ruwa. Ta nanata cewa idan zafin jikina ya kai digiri 38, a kawo ni nan take ko da tsakar dare ne. Ni kaina ban riƙe rabin bayanin ba, domin tsoro ya cika mini zuciya, amma ƙanwata ta rubuta komai. A zagaye na uku zazzaɓi ya rufe ni cikin dare, ina ta cewa a bari sai gari ya waye, ita kuwa ta duba ma'aunin zafi, ta tashi mijina, aka wuce da ni asibiti, inda aka same ni da ƙarancin fararen ƙwayoyin jini, aka sa mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

Wannan bayanin ne kuma ya ba iyalina ƙarfin gwiwar roƙon duk mai mura ko tari ya gaishe ni ta waya, abin da da kunya ba za ta bar ni in faɗa da bakina ba. Ƙawayena suka raba kwanakin rakiya a tsakaninsu, har ƙanwata ta samu damar hutawa.

Ina da ƙorafi guda biyu. Jiran sakamakon gwajin jini kafin a haɗa magani yakan cinye sa'o'i, alhali da an ɗebi jinin tun jajibirin ranar da an rage wa mara lafiya wahala. Sannan ba wanda ya gargaɗe ni cewa ondansetiron, maganin da ya tsayar mini da amai, yana kawo taurin bayan gida, sai da na sha wuya na tambaya.

Yatsuna har yanzu suna ɗan mutuwa saboda faklitaksel, kuma likita na duba su a kowane zuwa. Duk wadda aka tura wannan sashe, ina ba ta shawarar ta tafi da mutum guda wanda ta amince da shi, riƙe da littafi da alƙalami, tun daga ganin likita na farko.