FMR RNC ko TDR Kotelnikov: wanne ya dace da ƙaramin situdiyo a Jidda?

Masu gyaran sautin ƙasida da wa'azi a ɗakunansu a nan Jidda kan so sayen na'urar matse sauti ta hannu, wato kwamfiresa mai rage tazara tsakanin sauti mai ƙarfi da marar ƙarfi. A cikin masu araha, FMR RNC ta fi. Idan aka kunna maɓallinta mai suna SuperNice, takan matse murya sumul ba tare da sautin ya riƙa hawa da sauka ba.

Sai dai tana da ɗawainiya. Tana buƙatar katin sauti (na'urar da ke haɗa ta da kwamfuta) mai mafita biyu da mashiga biyu na daban, da wayoyi huɗu gajeru, domin dogaye na jawo ƙara. Waƙar minti 7 sai an jira minti 7 a kowane gwaji, domin sai sautin ya bi ta cikin na'urar, kuma na'urar ba ta adana saiti. A kula da wuta: adaftar Amurka ta bolt 120 ce, wutar Saudiyya kuwa yawanci 230, don haka adaftar na iya ƙonewa. Na'urar na cin 9V AC, ba DC ba.

TDR Kotelnikov manhajar matse sauti ce ta kwamfuta, kyauta, kuma don matakin ƙarshe na gyaran sauti aka yi ta. A sa rabon matsewa (ratio) 1.5:1, saurin kamu (attack) milisakan 30, ragin ƙarfin sautin kada ya wuce 2 dB. Ga mai koyo, ita na zaɓa. Riyalan da za a kashe wa RNC su tafi kan lasifikan aunawa, wato na sauraron aiki a situdiyo.