Anime na soyayyar 'yan sakandare mai kunya: wanne ya cancanci datarka?

Hoton bango shi ke ruɗin yawancin masu neman anime, wato shirin zane mai motsi na Japan, na soyayyar 'yan makaranta. Yaro da yarinya cikin yunifom, furanni na zubowa a bayansu, kusan duk kamarsu ɗaya. Sai an sauke kashi goma sha biyu, data ta tafi, sannan a gano labarin ya tsaya a tsakiya, ko kuma akwai wurin da ba za a iya kallo a gaban ƙanne ba. Abu uku ke raba su: yaushe ake furta so, wane matsayi abokai suke da shi a labarin, sannan labarin ya ƙare a cikin shirin ko sai an koma littafin zanen da aka ciro shi, wato manga.

Furta so shi ne kan gaba. A makarantun da waɗannan labarai ke nunawa ba a zama saurayi da budurwa a kaikaice. Sai ɗaya ya tsaya gaban ɗaya ya faɗa da bakinsa, abin da Japanawa ke kira kokuhaku, a amsa masa da e ko a'a. Akwai kuma batun suna. Ɗalibai da sunan dangi suke kiran juna, su ƙara san ko kun a ƙarshe, kuma ranar da yaro ya kira yarinya da sunanta na yanka to an yi babban tsallake. Wanda ya tashi a gidan da uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Mai haƙuri ya fara da Kimi ni Todoke, wanda da Turanci ake kira From Me to You. Kamfanin Production I.G ne ya yi shi: zango na farko kashi 25 daga 2009 zuwa 2010, na biyu kashi 12 a 2011, na uku kuma ya fito a Netflix a 2024, kashi 5 amma kowanne kimanin awa guda. Sawako Kuronuma yarinya ce shiru-shiru mai dogon baƙin gashi, 'yan ajinsu na kiranta Sadako saboda ta yi kama da fatalwar wani fim ɗin ban tsoro, har ana raɗe-raɗin wanda ya haɗa ido da ita zai gamu da tsautsayi. Kazehaya, wanda kowa ke so a ajin, shi kaɗai ke gaishe ta kamar kowa. Amma ƙashin bayan shirin ba shi ba ne, ƙawayenta biyu ne, Chizuru da Ayane. A cikin kashi shida na farko an yaɗa ƙarya a kan su biyun, aka ce daga bakin Sawako ta fito. Ita kuwa sai ta janye jiki daga gare su don kada sunansu ya ƙara ɓaci saboda ita, su kuma suka ɗauka gudunsu take yi. Wurin da ta tsaya a banɗakin makaranta, 'yan mata sun kewaye ta, murya na rawa, tana cewa a janye maganar da aka yi a kan ƙawayenta, ya fi duk wata furta so da ke cikin shirin ratsa zuciya. Da wuya a samu inda aka nuna yadda ƙawance ke ƙulluwa da kyau kamar nan.

Aibinsa shi ne jan rai. Zango na farko gaba ɗaya zai ƙare ba a furta komai ba, a daren ƙarshen shekara wanda ya zo daidai da ranar haihuwar Sawako. Rabin zango na biyu kuwa rashin fahimta ne a kan rashin fahimta, kowa na fassara maganar ɗan'uwansa a baibai, sai dab da ƙarshe abin ya warware. Wanda ba ya jure wannan kada ya wahalar da kansa. Wajen tsafta dai yana sahun gaba, riƙe hannu ma sai an sha jira.

Wanda ke son a gama maganar da wuri, Ore Monogatari!! ne nasa, wato My Love Story!!, na kamfanin Madhouse, 2015, kashi 24. Takeo Gouda ƙato ne mai kusan mita biyu, maza na girmama shi, mata na tsoronsa, duk wadda ya so kuma sai ta faɗa son kyakkyawan amininsa Sunakawa, wanda yake kira Suna. Ya ceci wata yarinya, Rinko Yamato, daga hannun wani ɗan iska a jirgin ƙasa, sai ya ɗauka ita ma Suna take so, ya duƙufa haɗa su. A kashi na 3 an gama: Suna ya sa shi ya ɓuya ƙarƙashin gado ya ji da kunnensa wanda yarinyar ke so. A nan ne kuma za a san dalilin da Suna ke ƙin duk 'yan matan da suka zo masa, ashe ya ji suna zagin Takeo a bayan idonsa. Sauran kashi 21 rayuwa ce kawai: kek da biskit da Yamato ke toyawa, gasar judo, aikin zuciyar da aka yi wa mahaifin Suna, haihuwar ƙanwar Takeo. Shi ya fi dacewa da kallo a falo. Wurare biyu ne za a sa ido, abin da ya faru a jirgi a kashi na farko, da wani barkwanci inda Takeo ya matsa wa Suna sai ya gwada sumba da shi ta bayan ledar rufe abinci. Rauninsa kuma shi ne Yamato ba ta da wani zurfi, daga tsakiya labarin yakan maimaita kansa.

Skip and Loafer ya fi su duka iya rubuta mutane. Na kamfanin P.A. Works ne, 2023, kashi 12. Mitsumi Iwakura ta fito daga wani ƙaramin gari a bakin teku a jihar Ishikawa ta zo Tokiyo karatu, da tsarinta a kai tsaf: ta karanta shari'a, ta yi aikin gwamnati, ta koma ta farfaɗo da garinsu da mutane ke ƙaurace wa. Ranar farko ta ɓata a tashar jirgi, ta cire takalmi ta yi gudu ba takalmi don kada ta makara, ta yi jawabin sababbin ɗalibai da ka, tana gamawa ta yi wa malamarta amai a jiki. Duk wanda ya taɓa barin ƙauye zuwa makarantar birni zai gane ta nan take. Ku lura da Mika, wadda ta fara da yi wa Mitsumi kallon baƙauya. A lokacin atisayen ƙwallon raga an nuna bambancinsu a abu guda: Mika na haddace sunan waɗanda suka ɓata mata rai, Mitsumi na haddace sunan wanda ya taimaka. Mika da kanta ta gane haka, kuma abin ya yi mata ciwo. Soyayya tsakanin Mitsumi da Shima, wani ɗan ajinsu, kaɗan ce ƙwarai a wannan zangon, don haka mai neman furta so ba zai samu ba. Akwai abin da ya kamata iyaye su sani tun kafin su kunna: Nao, wadda Mitsumi ke zaune a wurinta a Tokiyo, an haife ta namiji ne tana rayuwa a matsayin mace, kuma shirin ya nuna ta a matsayin mutuniyar kirki mai riƙon amana.

Horimiya shi aka fi ambata a duk jerin da za ka gani, amma a ma'aunin kunya shi ne na ƙasa a nan. Hori da Miyamura, mai ɓoye hujin kunne da zanen jiki a ƙarƙashin yunifom, sun shirya da wuri, hirarsu na da daɗi, sai dai a kashi na 7 an nuna a fakaice cewa sun wuce gona da iri, ga barkwancin duka da ke yawan dawowa. Kamfanin CloverWorks sun cusa littafi 16 cikin kashi 13 a 2021, shi ya sa rabin ƙarshe yake tsalle-tsalle. Wanda ya fito a 2023, The Missing Pieces, ba ci gaba ba ne, guntayen da aka tsallake ne, kada a fara da shi.

Ga mai ɗan lokaci da ke son labari cikakke, Tsuki ga Kirei na 2017 kashi 12 ne, ba daga manga aka ɗauko shi ba, don haka yana da ƙarshe na gaske. 'Yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ne a garin Kawagoe. Kotaro na son zama marubuci, Akane 'yar tsere ce da ke matse wani ɗan abin wasa mai siffar dankali duk sa'ad da gabanta ya faɗi. A fili ba sa iya haɗa jimla biyu, a manhajar LINE kuwa sai hira. Ka tabbata kwafin da za ka kalla yana fassara rubutun da ke kan allon wayarsu, in ba haka ba rabin labarin ya wuce ka, musamman saƙonnin da ke tafiya tare da waƙar rufewa ta kashin ƙarshe. Akwai sumba, akwai kuma gajerun barkwanci bayan waƙar rufewa a wasu kashi waɗanda ba su kai ainihin shirin tsafta ba, a tsallake su. Zanen cunkoson mutane da aka yi da kwamfuta ma bai yi kyau ba.

Cikin sababbi, The Fragrant Flower Blooms with Dignity na 2025, kashi 13, shi ya fi kusa da Kimi ni Todoke ba tare da jan ran ba. Rintaro ɗan makarantar maza ce da ake wa kallon ta 'yan daba, Kaoruko kuma tana makarantar 'yan mata masu hali da ke maƙwabtaka da su, a kan tallafin karatu, sun haɗu a shagon kek na iyayensa. Mutanen cikinsa suna ba da haƙuri da godiya a fili, har wani lokaci abin ya yi yawa. Blue Box, kashi 25 daga 2024 zuwa 2025, ya haɗa soyayya da wasanni, shi ɗan badminton ita 'yar ƙwallon kwando, amma ginshiƙin labarin shi ne yarinyar ta dawo zama a gidan iyayen yaron, kuma zangon ya ƙare bai furta mata ba.

In kuwa abota zalla ake so, babu soyayya ko kaɗan, A Place Further than the Universe na Madhouse, 2018, kashi 13. 'Yan mata huɗu ne suka ƙulla tafiya Antatika, inda mahaifiyar ɗayarsu, Shirase, ta ɓace. Ta tara yen miliyan ɗaya da aikin bayan makaranta, kowa na yi mata dariya. Labarin ya ƙare cif, kashi na 12 kuma kada a kalle shi a cikin jama'a in ana jin kunyar hawaye.

Lissafin data

Kashi ɗaya kimanin minti 24 ne, kashi 12 sun kusa awa 5. Bisa ƙiyasin Netflix, matsakaicin inganci na cin kusan 0.7 GB a awa, mafi kyawun hoto na HD har 3 GB, tsarin tattalin data na waya kuma yana ba da kusan awa 6 a 1 GB. Ke nan Skip and Loafer zai ci kimanin 3.4 GB a matsakaici, ƙasa da 1 GB a tattali. Kimi ni Todoke dukkansa ya kusa awa 20, wato wajen 14 GB a matsakaici. A allon waya ƙaramin inganci ya wadatar, domin irin waɗannan shirye-shirye hira ce ta fi yawa, ba faɗa da gudu ba.

Crunchyroll da Netflix su ne manyan wuraren kallo na halal, amma abin da ke cikinsu yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, yana kuma canzawa. Ka nemi sunan shirin daga ƙasar da kake kafin ka biya kuɗin wata, ka gwada sunan Japananci da na Turanci duka. Crunchyroll na sa fassarar Faransanci da Larabci a shirye-shirye da dama, abin da zai amfani na Nijar, Chadi da Sudan. Shafukan sata kuwa tallan batsa ne ke faɗowa a kansu ko da shirin mai tsafta ne, kada a miƙa wa yaro waya a kansu. Tsakanin muryar asali mai rubutacciyar fassara da wadda aka ɗora wa Turanci, ta asalin ta fi a wannan fanni, domin ɗora murya kan zubar da san da kun, sai lokacin kiran sunan yanka ya wuce ba a ji nauyinsa ba.

Kafin a sauke kowane shiri da ba ya cikin waɗannan, a duba alamominsa a shafin bayanan anime na MyAnimeList. In an ga ecchi, akwai nuna tsiraici da gangan. In an ga harem, 'yan mata da yawa ne ke bin yaro ɗaya. Ko a masu tsaftar ma akwai abubuwan da suke na rayuwar Japan ne kuma za su zo: ziyarar wurin bautar Shinto a sabuwar shekara, fita yawo daren Kirsimeti, cakulan na 14 ga Fabrairu da ramuwarsa a 14 ga Maris. Shekarar karatu a can daga Afrilu take farawa, dogon hutu kuma daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, a nan ne kashin zuwa bakin teku da kayan wanka ke faɗowa, galibi a tsakiyar zango. Mai tantance wa ƙannensa kada ya tsaya a kashi uku na farko, ya leƙa kashin hutun ma.