Kwana a Daji da Iyali: Tanti a Gaɓar Kogi ko a Kan Tudu?

Ana yawan tambaya: a kafa tanti dab da kogi ko a hau tudu?

Gaɓa ta fi sauƙin ɗiban ruwa, ga sanyi. Amma turaku ba sa kama yashi sai an danne su da duwatsu, sauro da raɓa kuma ba a magana. Babban haɗarin, kogi kan cika cikin dare saboda ruwan da aka tafka can nesa, ko ɗigo bai sauka wurinku ba.

Tudu, kamar mita 60 daga ruwa, yana riƙe turke gam, sai dai wahalar jigilar jarka. A guji ƙarƙashin busasshen reshe.

Gaɓa ta dace da manya zalla, da rani. Mai ƙananan yara, ko mai fita da damina, ya hau tudu.