Man tsere ko man jirgin sama: wanne za a gauraya wa injin jirgin ruwa mai gudu?

Assalamu alaikum, Alhaji. Tsakanin man jirgin sama na 100LL da man tsere marar dalma, waɗanda kake shawarar gauraya ɗaya daga cikinsu da fetur ɗin gidan mai, ka ɗauki man tsere. Shi nake zubawa a nawa jirgin a Legas, kuma ko ƙanena ne ya tambaye ni amsar ke nan. Sai dai kafin ka kashe ko sisi, ka koma littafin injin ka sake duba lambar oktan 91 ɗin da ka ce an rubuta, domin abin da aka rubuta a gefenta shi zai nuna maka yawan man da za ka saya.

Oktan ma'auni ne na yadda mai yake jure matsi da zafi a cikin silinda ba tare da ya fashe da kansa ba kafin wutar da fulogi ya kunna ta iso gare shi, kuma ta hanya biyu ake auna shi. Akwai RON, wanda ake gwadawa a inji mai juyi 600 a minti ɗaya, akwai kuma MON, wanda ake gwadawa a juyi 900 da cakuda mai zafi, shi ya sa lambarsa take zuwa ƙasa da ta RON da kamar 8 zuwa 10. Amurka da Kanada suna haɗa lambobin biyu su raba gida biyu, su kira abin da ya fito AKI, mu kuwa a nan, kamar Turai, da RON muke aiki. Saboda haka 91 ɗin da ƙa'idar Najeriya ta sa wa fetur bai wuce kusan 87 a lissafin Amurka ba, alhali 91 ɗin da kamfanin Amurka ko na Kanada yake nufi ya kai kusan 95 a namu lissafin. Injin Rotax mai ƙarfin doki 300 da ke cikin babur ɗin ruwa na Sea-Doo 91 AKI ake so a ba shi, haka kuma injin jirgin ruwa 450R na kamfanin Mercury Racing, wanda ya fito a 2019, 89 AKI yake nema, duka biyun sun fi abin da famfon gidan mai yake ba mu. Idan ka ga AKI ko (R+M)/2 a gefen lambar, to giɓin da za ka cike ya kai maki huɗu cur.

Wannan giɓi ya fi yin illa a ruwa fiye da a kan titi. Mota tana samun hutu a gangare da wurin danja, amma injin jirgin ruwa kamar tirela ce da aka ɗaure ta a Hawan Kibo, kullum tana hawa ba ta taɓa kaiwa gangare, domin ruwa yana riƙe da farfela daga lokacin da ka ba shi wuta har ka sauke totur. Idan kuma injin yana da sufacaja, wato na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi, matsin da zafin sai su ninka. A nan ne mai marar ƙarfin oktan yake fara ƙwanƙwasa, kuma iska da ƙarar ruwa ba za su bari kunnenka ya ji ba. Inji na zamani yana da sensa da ke jin wannan ƙwanƙwasa, sai kwamfutarsa ta jinkirta lokacin kunna wuta don ta ceci fistin, abin da yake rage gudu ya ƙara zafin salansa. Tsohon inji mai kafireto da aka ƙara wa matsi ba shi da mai ceto, fistin ne zai ɓule ko ringi ya karye, a wayi gari a ce injin ya buga.

Abin da ya sa na riƙe man tsere hannu bibbiyu shi ne yana zuwa da takardarsa. Kamfanoni irin su VP Racing da Sunoco suna sayar da shi a bokitin ƙarfe mai lita 19 da kuma duro mai kusan lita 200, a rufe da hatimi, an kuma rubuta RON ɗinsa da MON ɗinsa da ko akwai etanol, wato barasar da ake haɗawa da fetur, a ciki. Wanda nake amfani da shi RON 103 ne, MON 93, babu dalma babu etanol. Da zarar ka san lambobin biyu, lissafin na 'yan firamare ne: ka ninka yawan litar kowane mai da lambarsa, ka haɗa, ka raba da jimillar litoci. Kashi biyu na fetur mai 91 da kashi ɗaya na man tsere mai 103 suna ba da 95 daidai wa daida. Ni kam lita 60 na fetur nake haɗawa da lita 40 na man tsere, wanda ya kama 95.8, domin ban yarda kowane gidan mai yana ba da 91 ɗin da doka ta ce ba, kuma ko da fetur ɗin ranar ya faɗo zuwa 89, cakudar za ta tsaya a 94.6, wanda sensa za ta iya lallaɓawa.

Na ga bambancin da idona a hanyar Ilashe, wani bakin teku a Legas. Idan muka tashi daga Ikoyi muka wuce tashar jiragen ruwa ta Apapa muka miƙe rafin Badagry da mutane cike da jirgi da tsakar rana, a da sai in ji injin yana noƙewa da zarar allurar juyi ta yi sama, kamar ana janye masa numfashi. Bakaniken da ke duba mini shi ya jona kwamfutarsa muka fita tare, ya nuna mini layin da ke faɗuwa duk lokacin da injin ya janye wuta. Bayan mun zuba cakudar muka sake bin wannan hanya da irin wannan lodi, layin ya miƙe sambal har muka isa, jirgin ya ɗaga hanci ya kwanta a kan ruwa ba tare da gardama ba. Da ya kwance fulogan daga baya, bakinsu a bushe yake, launin ƙasa-ƙasa mai haske, babu ɗigo-ɗigon ƙarfe ko ɗaya a jikin farin tangaran ɗin. Ya mayar da su yadda suke, bai ma nemi in sayi sababbi ba.

Sai dai a yi gaskiya, man bai ƙara wa injin ƙarfin doki ko ɗaya ba, ƙarfinsa na asali da ƙwanƙwasa take danne masa ne ya dawo. Mercury Racing suna da inji guda da ke ba da ƙarfin doki 1350 da mai 91 AKI, ya kuma ba da 1550 da man tsere mai 112 AKI, amma sai an sauya masa tsarin kwamfuta da wani makulli na daban kafin ya yi hakan. Wanda ya cika tankinsa da man tsere zalla a injin da 95 RON kawai yake nema, kuɗinsa ya ƙona. Haka ma 'yan'uwanmu masu Yamaha Enduro 40 da 75 da ke jigilar mutane da kaya a Yawuri da Lokoja, wannan magana ba tasu ba ce, injinsu fetur na yau da kullum aka ƙera shi ya sha, abin da suke bukata mai tsabta ne marar ruwa da baƙin mai na kirki a ma'aunin da ya dace.

Shi kuwa man jirgin sama, ban hana shi haƙƙinsa ba, yana ɗaga oktan, kuma yana daɗewa a ajiye bai lalace ba. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Ƙarfinsa daga dalma yake zuwa, har giram 0.56 a kowace lita, wato lita 40 za ta iya sa maka fiye da giram 20 na dalma a tanki. Dalmar tana kashe sensar iskar da ke cikin salansar injunan zamani, tana toshe na'urar tace hayaƙi idan injin yana da ita, tana taruwa a bakin fulogi musamman idan ana yawan tafiya a hankali a wurin fita daga mashigi, kuma littafin injinka da kansa marar dalma ya ce a zuba, don haka garanti ya tafi. Ga shi hayaƙin injin jirgi ta cikin ruwa yake fita, ruwan da masunta suke kamo kifin da ake kai wa kasuwa. Duniya ta gama raba man mota da dalma tun 2021, lokacin da Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da shi, ban ga dalilin da zai sa mu dawo da ita ta bayan gida ba. Wurin da kawai zan ɗaga masa ƙafa shi ne tsohon injin tsere mai kafireto marar sensa, naka kuwa ba irinsa ba ne.

Na san za a kawo maka maganar toluwin, wani sinadari da ake tsinka fenti da shi, domin a kan takarda yana da ban sha'awa: RON ɗinsa ya kai kusan 121, lita 15 a cikin 100 za ta kai fetur mai 91 zuwa 95.5, kuma motocin tsere masu injin Honda na 1988 sun sha mai da kashi 84 cikin ɗari nasa toluwin ne. Amma su sai da suka riƙa ɗumama man kafin ya shiga inji, domin ba ya saurin zama tururi, kuma yana cin tiyo da robobin da ba a yi su dominsa ba. Etanol kuma ka nisance shi, yana jawo danshi, tankin jirgi kuwa yana da kafar shaƙar iska a wuri mai laima, idan ruwan ya yi yawa sai ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasan tanki inda famfo yake zuƙa. Masu ƙera injunan ruwa ba su yarda a wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Wasu man tseren ma akwai etanol a cikinsu, sai ka karanta takarda. 'Yan ƙananan kwalaben ƙara oktan da ke cewa suna ɗaga maki bakwai, sau da yawa 0.7 suke nufi, masu manganis a ciki kuma suna barin jan datti a fulogi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Man 100LL yana da wahalar samu a ƙasar nan, saboda haka duk wanda ya zo maka da jarka ya ce ga man jirgin sama a farashi mai sauƙi, to ka ɗauka Jet A-1 ne har sai ya tabbatar maka da akasin haka. Jet A-1 ɗan'uwan kananzir ne, oktan ɗinsa yana can ƙasa, zuba shi a injin fetur mai sufacaja hanya ce mafi sauri ta narkar da fistin. 100LL na gaskiya shuɗi ne mai haske, yana bushewa nan take idan ka ɗiga shi a farar takarda, Jet A-1 kuwa yana barin tabon maiƙo, ko da an rina shi. Haka masu sayar da tina ta fenti da sunan toluwin, da masu tara durorin man tsere da aka shanye su cika su da fetur mai launi su mayar da murfi. Kada ka karɓi duron da hatiminsa ya taɓu, kada kuma ka yarda dillali ya ce zai tsiyayo maka rabi a jarka don sauƙi. Fetur ɗin da za ka gauraya ma kada ya fito daga hannun 'yan bumburutu. Ko a manyan gidajen mai an ga abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai metanol fiye da kima da aka shigo da shi daga Antwerp ta Beljiyam ya lalata injunan mutane, balle man jarka da ba a san asalinsa ba.

Wajen haɗawa, ka fara zuba man tsere sannan ka bi shi da fetur don su cakuɗu da kansu, a fili inda iska take kaɗawa, jarka tana ƙasa ba a cikin jirgi ko bayan mota ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya kwanta a cikin ƙasan jirgi, saboda haka idan injinka na ciki ne ka kunna fankar fitar da iska na minti huɗu kafin ka murɗa makulli. Duron kuma a ajiye shi a inuwa a kan katako, murfi a ɗaure. Idan aka yi rashin sa'a man tseren ya yanke maka, ka zuba fetur mai kyau daga gidan man da ka yarda da shi, ka rage lodi, ka tsaya a matsakaicin gudu, kada ka buɗe totur gaba ɗaya har sai wani duron ya iso.