Sigarin lantarki ga mai son rabuwa da taba: wanne za ka saya, wanne za ka wuce?

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin barin taba ya san ba ranar farko ce ke kayar da mutum ba. Rana ta uku ce, bayan an ci tuwon dare, ko da safe a teburin mai shayi lokacin da na kusa da kai ya ƙyasta ashana. A nan ne za ka gane ko abin da ka saya ya yi maka rana ko kuɗinka ka zubar. Shi ya sa idan mashayi ya tambaye ni wane sigarin lantarki zai fara da shi, ba na fara tambayar kuɗin da ya tanada. Sai in ce masa: malam, kara nawa kake sha a rana, kuma idan ka farka, minti nawa kake yi kafin ka kunna na farko?

Wannan magana ta baligi ce wanda taba ta riga ta kama. Wanda bai taɓa sha ba, ba shi da abin nema a nan sai jaraba sabuwa fil. Mai juna biyu kuma, ko mai ciwon zuciya, ya fara da likita kafin shago.

Dalilin da ya sa ake zancen sauyin ma shi ne, yawancin ɓarnar taba daga ƙonawa take. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo kansa, ga baƙin danƙon da ke manne wa huhu, ga kuma iskar gubar nan irin wadda janareto ke fitarwa. Nikotin shi ne igiyar da ke ɗaure mutum, amma ba shi ne babban makashin ba. Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye. Batir ne ke dumama wata 'yar waya da ake kira koyil, ita kuma ta mai da ruwan da ke jikin lagwanin auduga tururi. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003, kuma shi kansa mashayi ne.

Yana aiki kuwa? A 2019 an wallafa wani gwaji da Farfesa Peter Hajek ya jagoranta a Ingila, kan mashaya 886. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun rabu da taba, a ɓangaren waɗanda aka ba cingam da filastar nikotin kuma kashi 9.9. Ka lura da abu biyu. Ko a ɓangaren da ya yi nasara, fiye da mutum takwas cikin goma ba su daina ba. Kuma cikin waɗanda suka daina, kusan kashi 80 suna nan riƙe da na'urarsu bayan shekarar. Hukumar Lafiya ta Duniya har yanzu ba ta sa shi cikin hanyoyin da take ba da shawara ba. Ita cingam da filasta da ƙwayoyi irin su bareniklin ta fi yarda da su. Wanda zai iya samun waɗannan a kyamis, ya gwada su tukuna, babu asara. Wanda kuma ya gwada ya kasa, ko ya san hannunsa da bakinsa ba za su zauna haka nan ba, ga yadda kasuwar take.

Na farko da za a miƙo maka shi ne na sha-ka-yar, mai launi kamar alewa, wanda wasu ke kira shisha ta aljihu. Ba a ƙara masa ruwa, idan ya ƙare sai bola. Sauƙinsa ne ke jan mutane, kuma a ranar saye shi ne mafi araha. Amma araha ba ta ado. Duk bayan 'yan kwanaki sai ka sake sayen batir sabo da kwanso sabo, alhali ruwa kawai kake bukata. Adadin zuƙa da ake rubutawa a kwalinsa, dubu kaza da kaza, lissafin gajerun zuƙa ne na inji, ba irin jan da mashayi ke yi ba. Da yawansu kuma an rubuta 5% a jiki, wato miligiram 50 na nikotin a kowace mililita, ninki biyu da rabi na iyakar miligiram 20 da dokar Tarayyar Turai da Birtaniya ta yarda da ita. Nan ne kuma jabu ya fi yawa. Birtaniya ta haramta sayar da na sha-ka-yar daga 1 ga Yuni 2025, bayan Beljiyam da Faransa sun riga ta a farkon shekarar, saboda yara da suka rungume shi da kuma tulin batiran da ake zubarwa. Idan kana so ka ɗanɗana ka ji ko maƙogwaronka zai karɓi tururi, sayi ɗaya. Ka da ya zama shi ne shirinka.

Can ɗaya gefen kuma akwai babban akwati mai allo da maɓallai, wanda ke cika ɗaki da tururi kamar an kunna tukunyar shisha. Mai shago zai so ka ɗauki wannan, domin ya fi tsada kuma ya fi ɗaukar ido. Wuce shi. Ana jan sa ne kai tsaye zuwa huhu, yana shan ruwa kamar rairayi, kuma ruwan da ya dace da shi mai ƙarancin nikotin ne, miligiram 3 zuwa 6. Ka zuba masa mai ƙarfi, jiri da tashin zuciya su kwantar da kai. Kayan masu sha'awa ne da suka daɗe a harkar.

Saura biyu, kuma su ne ainihin abin dubawa. Duka ƙanana ne, kamar kan alƙalami mai kauri, da 'yar batta ta roba a sama wadda ruwa ke zama a ciki. Bambancinsu ɗaya: wata battar a rufe take zuwa daga kamfani, wata kuma kai ne ke zuba mata ruwa.

Mai rufaffiyar batta, irin JUUL ko Vuse, ba ta da wahala ko kaɗan: ka cire tsohuwa, ka maƙala sabuwa. Matsalar ita ce ka auri kamfani ɗaya. Battar wani ba ta shiga na'urar wani. Ranar da ta yanke a kasuwa, ko dala ta tashi mai shigo da kaya ya ɗaga hannu, na'urarka ta zama abin wasan yara, kai kuma ka koma wurin mai teburi ka ce a ba ka kara biyu. A London ko Dubai wannan ba abin damuwa ba ne. A Gusau ko Maraɗi, abin damuwa ne.

Ni dai wadda ake zuba wa ruwa nake ba da shawara, kuma ba na ɓoyewa. Irin su Vaporesso XROS, Uwell Caliburn, OXVA Xlim. Ko kuma mai siffar alƙalami da ɗan tankin gilashi kamar Innokin Endura T18, tsohon hannu ne amma bai gaza ba. Kowane ruwa da ya dace za ka iya zubawa, kai ke zaɓen ƙarfin nikotin, kuma kai za ka riƙa rage shi da hannunka idan lokaci ya yi. Abin lura, na'urar da aka raba wa mutane a gwajin Ingilan nan ma 'yar sauƙi ce da ake zuba wa ruwa, tare da kwalba mai miligiram 18.

Amma tsakanin waɗannan sunaye, ka da ka tsaya kan wanda ya fi kyau a hoto. Tambaya ɗaya ce ta fi kowace: a ina zan samu battarsa ko koyil ɗinsa idan ya ƙone? Domin zai ƙone. Koyil kan yi mako ɗaya zuwa biyu, ruwa mai zaƙi sosai kuma ya fi saurin cinye shi. A wasu na'urorin koyil kaɗai ake canzawa, a wasu kuma a haɗe yake da battar, sai a canza su tare. Na biyun ya fi tsabta ga sabon shiga. Ka tambayi shago biyu ko uku a garinku wanne suke da kayan gyaransa a kai a kai, ka sayi wannan ko da wani ya fi shi suna. Kamar babur ne: wanda kowane bakanike ke da kayansa ya fi na yayi amfani. Kuma ka sayi fakitin batta tun ranar farko, ba sai ta mutu da tsakar dare ba. Manyan kamfanonin nan suna sa lamba a kwali wadda ake kankarewa a duba a shafinsu na intanet. Duba ta kafin ka bar shagon.

Sai zuƙa. Mashayin taba ya saba jan hayaƙi zuwa baki tukuna, sannan ya wuce da shi ƙirji, kuma ya saba da ɗan tauri wajen ja. Ka nemi na'urar da ke ba da wannan. Lambar da ke jikin koyil ita ke nuna maka: om 1.0 ko 1.2 ya fi kama da taba, 0.8 ya ɗan fi ɗumi da tururi, 0.6 zuwa ƙasa kuwa ka fara barin layi. Idan akwai ɗan makullin iska a gefe, matse shi har ka ji ja ya yi daidai da abin da bakinka ya sani.

Batir kuma, ka duba lambar mAh, wadda ke nuna yawan cajin da yake riƙewa. Ƙananan kan fara daga wajen 500, wasu su kai 1,000 ko fiye. Inda wuta ba ta da tabbas, mai 1,000 ya fi, kuma mai bakin caji irin na wayoyin yanzu, yadda za ka iya jona shi da abin ajiyar cajin wayarka. Mai shan kwali guda a rana, idan hali ya yi, ya mallaki biyu. Na'urar da ba caji a lokacin da ƙishirwar taba ta taso, da ita da babu duk ɗaya.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne ƙarfin nikotin. Mutum ya ce tunda dainawa zai yi, bari ya fara da mafi rauni, ko ma marar nikotin. Kwana biyu yana zuƙa ba ya jin komai, sai ya ce abin ƙarya ne. A'a, shi ne ya yi wa kansa rowa. Wanda ke shan kara 20 a rana, ko wanda ke kunnawa cikin rabin awa da farkawa, ya fara da miligiram 18 zuwa 20. Mai kara goma, 10 zuwa 12. Mai 'yan kara biyar zuwa ƙasa, 6 na iya isarsa. Ruwan iri biyu ne: na asali, wanda ke kartar maƙogwaro idan ya yi ƙarfi, da wanda ake kira gishirin nikotin, wanda aka haɗa da wani asid don ya yi laushi. Mai shan taba da yawa ya fi jin daɗin na biyun. Idan ka ji jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, ya yi maka yawa, ajiye ka sauka mataki ɗaya. A jikin kwalba kuma za ka ga PG da VG, su ne ruwa biyu da ake haɗawa. Ƙaramar na'ura tana son 50/50, domin mai yawan VG ya yi mata kauri, lagwani ya bushe ya ƙone.

Ɗanɗano ba abin dogon zance ba ne. Sayi ƙananan kwalabe biyu, ɗaya na taba, ɗaya na na'a-na'a ko wani ɗan itace. Na tabar ba zai yi daidai da sigarinka ba, ka sani tun yanzu.

Abin da ba wasa a cikinsa shi ne asalin ruwan. A 2019 zuwa farkon 2020 an kwantar da mutum sama da 2,800 a asibitocin Amurka da ciwon huhu, 68 suka mutu. Bincike ya gano yawanci daga battocin ruwan wiwi ne na bayan fage da aka gauraya da wani nau'in man bitamin E. Saboda haka duk ruwan da ba shi da hatimi, ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa, bar wa mai shi. Kai ma ka da ka ɗiga masa turare, zuma ko wani mai. Huhu ba ya narkar da mai.

Ranar da ka kawo kaya gida, zuba ruwa ka bar battar ta jiƙa minti biyar zuwa goma kafin zuƙar farko, in ba haka ba za ka ƙona audugar, ɗacin kuma ba ya fita. Ja a hankali, doguwar zuƙa mai laushi, ba fizgar da ake yi wa taba ba. Za ka yi tari a kwanakin farko, bakinka zai bushe, sha ruwa. Zafin bazara na tsinka ruwan har ya riƙa yoyo, batirin kuma ba ya son rana, don haka ba a barin sa cikin mota a rufe ko a ƙarƙashin matashi yana caji. Kwalbar ruwan kuwa a kulle ta inda yara ba sa kaiwa: ƙamshin alewa gare ta, kuma idan ƙaramin yaro ya kurɓa, maganar asibiti ce nan take.

Sannan ka sa rana. Mutane da yawa suna riƙe duka biyun, na'ura a ofis, taba a majalisa, suna ganin ai sun rage. An gudu ba a tsira ba. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar likitocin Birtaniya a 2018 ya nuna kara ɗaya tak a rana na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan 20 ke fuskanta. Ka ba kanka mako guda na sabo, ka ƙarar da kwalin ƙarshe, ka ba da ashanar. Bayan wata biyu ko uku ba ka taɓa taba ba, sai ka sauko daga 20 zuwa 10, daga baya zuwa 5 ko 6, har zuwa sifili. Idan ka sauka ka ji taba na kiranka, koma matakin baya ka ɗan ƙara zama.

Mai tafiya kuma ya binciki dokar inda za shi kafin ya haɗa jaka. Indiya ta haramta sayar da shi da shigo da shi tun 2019, Tailan da Singafo ma suna kamawa su ci tara. A jirgin sama, na'urar tana tafiya ne a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake aunawa ba, kuma ka zazzage battar kafin a tashi, domin canjin iska a sama na matso ruwan ya ɓata maka aljihu.