Tankin da iskarsa ke shiga ta sama, da yadda nake ɗaura masa koyil a zafin Jigawa

Duk wanda ke zaune irin yankinmu na Gumel kuma yana son na'urar zuƙa, wato sigarin lantarki da ake kira vape, irin wadda mutum ke naɗa koyil ɗinsa (naɗaɗɗiyar wayar da batir ke zafafawa ta mai da ruwan nikotin tururi) da hannunsa, to ya nemi tanki, wato mazubin ruwan da koyil ke ciki, wanda iska ke shigarsa ta sama, shi ne ra'ayina tun da na koma kansa, kuma zan faɗi dalili har da wuraren da ya gaza. Ba zan kama sunan kamfani ba don ba talla aka biya ni ba, kuma kwafi ya yi yawa a kasuwa, amma ga siffarsa: faɗinsa milimita 25, yana ɗaukar koyil biyu, gindinsa babu ginshiƙai sai ramuka huɗu da ake zura ƙafafun koyil a ɗaure da sukuru ta gefe, sannan yana zuwa da gilashi biyu, miƙaƙƙe da mai tumbi. Yayana da ke tuƙin babbar mota zuwa Legas shi ya taho min da shi, don ya gaji da jin tarin da sigari ke sa ni da asuba.

Sana'ata gyaran wayar salula ce, ina da ɗan shago a bakin titin da ya nufi Maigatari, to mitar awon wuta da hantsaki da ƙananan sukurdireba duk kayan aikina ne dama, shi ya sa naɗa koyil bai zame min wani tashin hankali ba. Abin da ya ci min lokaci shi ne gane cewa duk bidiyon da ake kallo a YouTube na masu wannan harka, yawancinsu a Ingila ko Amurka suke zaune cikin ɗaki mai sanyi, ba su san watan Afrilu a Jigawa ba da zafi ke wuce digiri 40, ba su san ƙurar hunturu ba, ba su san mutum ya saka abu a aljihun kaftani ya hau babur ya bi hanyar burji mai gargada har kasuwar Alhamis ba. Saitin da ya yi musu daidai ba lallai ya yi mana ba.

Tankin da na fara riƙewa kafin wannan iskarsa ta ƙasa take shiga, wato ramukan iska suna ƙarƙashin koyil kai tsaye. Ɗanɗano kam babu magana, don iskar tana dukan cikin koyil ta kwaso tururin ta miƙe da shi sama. Amma ruwa ai ƙasa yake nema. Ruwan da ake zubawa haɗi ne na abu biyu, VG mai kauri da PG mai tsinkewa, mafi yawan na irin wannan tanki kashi 70 ne da 30, to da zafi ya buga sai VG ɗin nan ya saki jiki ya tsinke, ya ratsa audugar da ke kai wa koyil ruwa fiye da yadda koyil zai iya ƙonawa, ya taru a gindi, sai ya bi ramin iska ya fito. Aljihuna ya sha danƙo, farar shadda guda har yau tabon bai fita ba, uwargida kuwa ta ce in dai wannan abin ne zai riƙa ɓata mata wanki gara in koma cin goro.

A wannan sabon, zoben iska yana can sama kusa da bakin zuƙa. Iskar tana shiga nan, ta gangaro ta tsakanin bango biyu na bututun ciki, sannan ta fito ta wasu ƙananan ramuka da ke fuskantar koyil ta gefe. Kenan kafin ruwa ya fita waje sai ya hau sama, abin da ba zai yi ba sai dai in ka kifa tankin ka bar shi a haka. Wallahi ko a azumin da ya wuce da yake yini a ajiye tun sahur har magariba cikin shago mai rufin kwano, ban ga ɗigo ɗaya a kan tebur ba, iyaka dai zuƙar farko bayan shan ruwa takan zo da ɗan ɓulɓul saboda ruwan da ya taru, in na rufe iskar na ajiye shi a tsaye ma ko wannan babu.

To amma fa iskar sama tana da sharaɗi, kuma nan ne mutane da yawa ke cewa tankin ba shi da ɗanɗano alhali laifin zaman koyil ne. Tunda iskar ta yi doguwar tafiya kafin ta iso, dole koyil ya tsaya daidai inda za ta fito. Kamar zugazugin maƙera ne, in bakinsa bai saitu da garwashi ba ko ka yini kana zuga ƙarfe ba zai yi ja ba. A gindin da babu ginshiƙai tsawon ƙafar koyil shi ne ke yanke tsayinsa, ni ina yanke ƙafafun wajen milimita 5 zuwa 6, in ɗaure, sannan in ɗora murfin bututun ba tare da gilashi ba in leƙa da tocilan in ga ramukan iska suna kallon tsakiyar koyil ko ɗan ƙasa kaɗan da tsakiya. In ya yi ƙasa sosai iskar ta wuce ta kansa, tururin ya zo da zafi yana cizon maƙogwaro babu daɗi. In ya yi sama sosai kuma ya kusa taɓa rufin bututu, wannan haɗari ne don ƙarfe ya taɓa ƙarfe shot kenan. Tazarar da ke tsakanin koyil da ramin iska ma ina barinta milimita ɗaya da ɗan wani abu, kusa amma ba taɓawa, sannan tsakanin koyil ɗin biyu a bar ɗan fili don tururi ya samu hanyar hawa.

Maganar wayar naɗi, na fi zama a kan wadda ake kira Kanthal mai lambar kauri 26. Ina naɗa ta zagaye 7 a jikin sandar milimita 3, kowane koyil yana ba ni kusan om 1 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta), in an haɗa biyu sai ya rabu gida biyu ya dawo wajen 0.5, ina hura shi a wat 38 zuwa 42. Na gwada wata wayar da ake kira Ni80 mai lamba 24, zagaye 6, biyun suka ba ni wajen om 0.2, tana saurin ɗaukar zafi ƙwarai, kana taɓa maɓalli ta amsa, hayaƙi kuwa sai ka rufe shago da shi, amma sai ta nemi wat 60 zuwa sama kuma batir ba ya kai la'asar. A garin da wutar NEPA sai an yi sa'a, ƙaramin sola ɗaya nake da shi kuma wayoyin kwastomomi ne ke kan layi, to ba zan iya ciyar da wannan ba. Su kuma waɗancan koyil masu kitso da ake kira Clapton, ɗanɗanonsu ya fi cika gaskiya don suna riƙe ruwa a tsakanin naɗin, sai dai suna da nauyi, suna jinkirin zafi, kuma datti yana saurin maƙale musu. Ƙunshin waya ɗaya na mita 10 yana fitar da koyil sama da 100, shi ne ma babban dalilin da ya sa mutumin ƙauye zai so irin wannan tanki, don ba sai ka riƙa aike Kano duk sati biyu a sayo maka koyil na kwali ba.

Kafin a saka auduga sai an gasa koyil a ƙaramin wat, kamar 15 zuwa 20, ana dannawa ana saki, har a ga ja yana farawa daga tsakiya yana bazuwa zuwa gefe, kuma su biyun su yi ja tare. In wani zagaye ya riga sauran yin ja sai a saki maɓalli a ɗan kakkaɓe shi da hantsaki ko a matse. Hantsakin ƙarfe kar ya taɓa koyil hannu na kan maɓalli, na tangaran ne kawai ke jure wannan.

Sai lagwani, wanda a ganina shi ne rabin aikin a ƙasarmu. Audugar Japan ce nake sawa irin mai zuwa falle-falle, in ɓare fatar bayanta ta kowane gefe, in murza baki in zura, ta shiga da ɗan tauri amma ba har ta ja koyil ta karkatar da shi ba. Wani abokina ya ce me zai hana mu yi amfani da audugar gona tunda ga ta nan ana nomawa, na ce masa ya tuna feshin maganin ƙwari nawa take sha kafin a tsinke ta. Jelar lagwanin tana sauka ramin ruwa ne ta tsaya a bakinsa, ba a cusa ta har ƙasa. Kuma ina canja kaurinta da yanayi. Da bazara da ruwa ke tsinkewa ina barin jelar da ɗan kauri don ta tare shi. Da hunturu kuwa, musamman sanyin asubar Disamba da Janairu, ruwan yana yin kauri ya ƙi tafiya, to sai in tsefe jelar da tsinin hantsaki in rage kusan kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba zuƙa ta uku a jere sai ƙaurin ƙonanniyar auduga ya daki ƙirjinka, wanda ya taɓa ji ya san ba ya son na biyu.

Zoben iskar ina barinsa a buɗe kusan kashi biyu cikin uku a wannan saitin na om 0.5. In na buɗe duka tururin yana yin sanyi ɗanɗano ya salance, in na rufe ya wuce rabi kuma sai ya fara fito, wani siririn sauti mai ban haushi da dare har maƙwabci zai ji. Wannan ɗaya ne daga cikin aibinsa. Na biyu ƙura, tunda ramukan suna sama a fili, da hunturu kullum sai na kwance zoben na goge da tsumma mai laima, in ba haka ba kana juya shi kana jin yashi yana ƙara a ciki, robobin zoben ma suna saurin cinyewa. Na uku shan ruwa, koyil biyu ba sa wasa da likwid, wato ruwan zuƙar, gilashin mai tumbi ma da kyar yake kai ni dare. Sukurorinsa kuma ƙanana ne ƙwarai, in ɗaya ya faɗi a tsakar gida mai rairayi ka yi masa addu'a kawai, shi ya sa a kan faranti nake aikin.

Akwai kuma abin da ya kamata mai shirin barin sigari ya sani kafin ya kashe kuɗinsa. Wannan tanki zuƙar kai tsaye zuwa huhu ce irin ta shisha, ko ka rufe iskar ba zai ba ka matsattsiyar zuƙar nan ta karan sigari ba. Wanda ke neman waccan ya nemi tanki mai koyil ɗaya da ramin iska kamar milimita 1, siririyar waya lamba 28, om 1.2 ko sama, wat 12 zuwa 15, batir ɗaya ya yini ya kwana. Kuma ƙarfin nikotin ya bambanta, a irin nawa miligiram 3 ne, iyaka 6, wanda ya zuba ruwan gishirin nikotin mai 35 ko 50 irin na ƙananan shisha fen a cikinsa zai ga jiri da tashin zuciya nan take.

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona suna yawan cewa Oga ba mu mu ɗana, ba na bayarwa. Wanda bai taɓa shan taba ba babu abin da zai samu a nan sai kamu, nikotin ɗin dai shi ne wanda ya ɗaure ni shekara da shekaru. Hukumomin lafiya na Ingila sun ce ya fi sigari sauƙin illa ga wanda ya riga ya kamu amma su ma ba su ce lafiya lau ba ne. Kuma dan Allah kar wani ya yi dabarar haɗa ruwansa da man turare ko filebon kek mai maiƙo, a 2019 mutane da yawa sun kwanta da ciwon huhu a Amurka har wasu suka mutu, aka gano yawanci daga wani mai ne na bitamin E da ake cakuɗawa a ruwan wiwi na bayan fage, huhu ba ya karɓar mai.

Batir shi ne abin da na fi tsoro a harkar nan fiye da komai, wataƙila don na ga yadda na waya ke kumbura a shago. Injina, wato jikin na'urar da ake ɗaura tanki a kansa, mai batir biyu ne irin wanda ake kira 18650 kuma mai allo ne da ke karanta om ya ƙi tashi in akwai shot. Masu amfani da injin da ba shi da allo su riƙe lissafi, batir cikakke bolt 4.2 ne, a raba da om 0.2 ya ba da am 21 na wutar da za a ja, alhali batirin Samsung 25R da aka fi samu am 20 aka yi masa, 30Q kuwa 15. Duk batirin da aka rubuta masa 9900mAh a jiki irin na tocilan ɗin kasuwa ƙarya ce, ainihin 18650 ba ya wuce 3500 da ɗan kaɗan, kuma masu yawan ajiyar ma ba su da ƙarfin am. In ledar jikinsa ta yage ko kaɗan a sake masa riga kafin a saka, ba a zuba shi aljihu ɗaya da makulli ko silalla, ba a barinsa a ƙarƙashin sirdin babur a rana. Ni caja ta daban nake sa su, kuma su biyun tare suke caji tare suke aiki, ba na haɗa sabo da tsoho.

Abin da ya rage min matsala yanzu gilashi ne. Mai tumbin ya fi jikin ƙarfen faɗi, to duk faɗuwa a kan siminti shi ke fara sauka, nawa ya tsage na koma miƙaƙƙen da ke sa ni ƙarin ruwa tun kafin azahar. Na zaga Farm Centre da na shiga Kano sayen sikirin ɗin waya ban samu daidai da shi ba, sai dai in Yaya zai sake saukowa in ce ya haɗo da biyu, da robobin zobe.