Bokiti mai murfi na kasuwar Katako: me ya sa wani murfin ba ya zama?

Bokitan roba masu murfi na lita 20 da ake sayarwa a Katako, nan Yamai, iri-iri ne ko da kamanninsu ɗaya. Juya gindin ka duba. Mai lamba 5 a cikin alamar kibiya uku na robar da ake kira PP ne, mai lamba 2 kuwa na wadda ake kira HDPE. Akwai kuma marar lamba, galibi na tsohuwar robar da aka niƙa aka sake narkawa, kuma a kansa ake yawan kuka.

Wajen ƙera bokiti da murfi, roba tana shiga mazubi da zafin da ya haura digiri 200, tana hucewa tana tsukewa. PP kan ragu da kashi 1 zuwa 2,5 cikin ɗari, HDPE har kashi 3 ko fiye. A bakin bokiti mai faɗin milimita 300, kashi 2 milimita 6 ke nan. Don haka mai sassaƙa mazubi yake ƙara masa girma tun farko, gwargwadon robar da za a zuba. In aka canza roba ba a canza mazubi ba, bambancin kashi 1 kawai ya isa murfi ya yi sako-sako da milimita 3, ko ya ƙi shiga sam.

Tsukewar ba ta ƙarewa a inji. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan fitarwa tana ci gaba, shi ya sa bokitin da aka jera cikin ɗan'uwansa da ɗuminsa yake fitowa da baki kamar ƙwai. Ranar watan Afrilu a rumfar da ba inuwa ma tana ƙara murɗe shi.

Shafa jikin wajen kunnen da mariƙi yake shiga. In ka ji ɗan rami, wurin ya yi kauri, cikinsa ya huce a makare ya ja fatar ciki. Ko kuma an gaggauta sakin matsin inji kafin robar da ke ƙofar shiga mazubi ta daskare. Ƙaramin rami muni ne kawai, mai zurfi kuwa nan zai fara tsagewa.

Mai lamba 5 ya cancanci kuɗinsa: murfin yana kamawa da ƙara, baki a zagaye. Marar lamba ya yi wa wanki, amma ban da ajiyar gero ko ruwan sha. Kar ka yarda mai shago ya ɗauko maka murfi daga wani tari. Gwada wanda za ka tafi da shi, ka juya shi sau ɗaya a bakin.